Hular Sajo Mai Juyawa

Lokuwa, Mubi
Litinin

Zuwa ga Adda Na'imatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Maiha. Mu nan lafiya, ƙafar Baffa ta yi sauƙi. Takardar bautar ƙasa dai shiru. Na zaɓi rubutu ne don a waya kina katse ni kafin in kai aya.

Sajo ɗan Goggo ya ɗinka wata hula da ta tayar da layin masu huluna a kasuwa. Zanen zobe-zobe ne. In kika kalle ta da gefen ido sai ki ga zobban suna juyawa, in kika kafe ido a kan guda sai ya tsaya cak. Na ƙirga zaren: baƙi, shuɗi mai duhu, fari, rawaya, haka a jere har ya zagaye.

Na san dalili. Wajen gane motsi, ido ya fi bin bambancin haske da duhu a kan launi. Inda bambancin ya yi ƙarfi, kamar baƙi da fari, saƙon yakan riga isa ƙwaƙwalwa, na shuɗi da rawaya ya biyo baya kaɗan. Wannan 'yar tazarar ce ƙwaƙwalwa take ɗauka motsi ne. Bayanin da masana suka fi karɓa ke nan, ban ce an gama bincike ba.

Adda, shekara shida na yi ina karatun lafiyar ido. Sajo ko sakandare bai ƙarasa ba. Amma Baffa ya sa hular yana juya kai gaban baƙi, yana cewa aikin ɗansa ne, kamar Sajo ya haifa ba ni ba. Da na fara bayani sai ya ce, "Likita, bari mu sha kallo mana." Takardar digirina tana cikin durowarsa, sau ɗaya ya buɗe ta.

A gaida yara.
Ƙaninki,
Zubair

Lokuwa
Asabar

Adda,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. An samu matsala, kuma da bakina.

Jiya bayan Juma'a na biya rumfar Sajo. Alhaji Mansir, wanda ya sa shi ɗinka wa abokan angon ɗansa huluna ashirin, ya tambaye ni gaban jama'a, wai tunda ni ne na yi boko, me ke juya zanen. Na ce masa babu abin da ke juyawa, rufa-ido ne. Abin da nake nufi shi ne ido ne ke ruɗuwa. Shi kuwa abin da ya ji, Sajo ya yi wa hula asiri.

Kafin la'asar ya fasa aikin, ya ce ba zai kai goshinsa ƙasa da kayan tsibbu a ka ba. Mutum huɗu sun mayar da nasu. Yaji na rumfar gaba yana ta kiransa "boka mai allura". Goggo ta zo gida tana kuka. Baffa ya cire tasa ya ajiye.

Na gaya wa kowa kuskuren fassara ne daga Turanci. In maganar nan ta zauna, Sajo ya tashi daga kasuwa, kuma ba shi da wata sana'ar. Na roƙe shi ya bar ni in zana abin a takarda gaban mutane su ga ba asiri. Na kuma faɗa masa gaskiya: in na yi haka, kowane maɗinki zai san jerin zarensa. Ya ce in zana.

Ki sa mu a addu'a.
Zubair

Lokuwa
Laraba

Adda Na'imatu,

Assalamu alaikum. Ina fata zazzaɓin ƙaramar 'yarki ya sauka.

An yi abin jiya da hantsi, har da Baffa da Alhaji Mansir. Na kwana biyu ina aunawa da rula. Na ɗaga takardata na yi bayani daki-daki, kuma ban yi kuskure ko ɗaya ba. Zanena bai motsa ba. Yaji ya ce, "Likita, naka ya sha maganin barci ne?" Layin gaba ɗaya ya ɗauki dariya.

Sajo ya karɓi alƙalumana. Ya ce rawayata ta yi duhu, ta kusa kamo shuɗin, farin kuma ya yi siriri. Gaskiyarsa ce, ni da na san ƙa'idar ban gani ba. Ya sake zanawa a bayan takardar, a hankali, kowa na kallon hannunsa. Zanen ya juya, Adda. Alhaji Mansir ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya yi istigfari, ya ce a ci gaba da aikinsa. Kafin azahar na ga Yaji yana neman shuɗin zare. Wannan asarar ni na jawo wa Sajo, ba ta gyaruwa.

Ba zan ɓoye miki ba, da aka yi masa tafi sai da ƙirjina ya yi zafi. Har yanzu yana yi.

Akwai kuma abin da na rufe miki a wasiƙar Asabar. Ba kuskuren fassara ba ne. "Ruɗin ido" na zo faɗa, yana kan harshena, na ajiye shi na ɗauki ɗayar kalmar, don na ga yadda Alhaji yake shafa hular. Da muna dawowa cikin keke na gaya wa Sajo haka, na nemi gafararsa.

Bai ko juyo ba. Ya ce ya sani tun ranar, wai mutum irina da ke gyara wa liman lissafin watanni ba zai yi tuntuɓe da kalma ba. Na tambaye shi, to don me ya yarda in tona masa jerin zare. Ya ce so yake Baffa ya ji bayanina sau ɗaya har ƙarshe.

Haka muka sauka. Ki gaya mini yadda ake haɗa ido da irin wannan mutum.

Wassalam.
Ƙaninki,
Zubair