Jirgin da Ya Bar Baban Amal a Jamaika

Mamuda,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Na kira ka har na gaji, shi ya sa na rubuto. Baban Amal ya bugo mini da wayar wani mai sayar da kwakwa a Jamaika, wai jirgin ruwa ya tashi ya bar shi. Kai ka biya masa tafiyar nan, har na yi murna ƙanena da mijina sun shirya. Me ya faru?

Yayarki,
Nafisatu

*

Yaya Nafisatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Amal da mutanen unguwar Tremont.

Ba na ɓoye-ɓoye. Jirgi da agogon New York yake aiki, tsibirin kuwa yana baya da awa guda, kuma waya da kanta take komawa lokacinsu. An sanar tun da safe, mijinki yana can yana fama da farantin kaji. Da muka sauka ya ce, “Mamuda, ƙarfe huɗu za a dawo jirgi ko?” Na ce, “Ƙarfe huɗu, ranka ya daɗe.”

Ina saman jirgi da lemona na hango shi yana gudu, babbar riga na tashi, takalmi a hannu. Na ɗaga masa hannu.

Kin manta ranar da na sauka filin jirgin saman JFK cikin sanyi da silifas? Mijinki ya ce in tsaya a bakin ƙofa, yana zuwa. Bai zo ba. Sai wani direba ɗan Kumasi ne ya tausaya ya kai ni masallaci. Har yau a gidan suna yake ba da labarin, ana dariya. Yau ina da wurin wankin mota uku, da gumina. Shi ma ya ɗanɗani tsayuwa.

Ki huta lafiya.
Mamuda

*

Mamuda,

Sallama kawai zan yi maka. Allurarsa ta ciwon suga tana ɗakinku na jirgi, ka sani? Ya faɗi a titi, a asibiti ya farfaɗo. An sallame shi, amma Amal ta daina cin abinci. Ka dawo mini da mijina, ko ka daina kira na yaya.

Nafisatu

*

Yaya,

Barka da arziki. Allah ya ƙara sauƙi. Na saya masa tikiti, ranar Alhamis zai sauka JFK. Kada kowa ya wahala, ni zan ɗauko shi.

Ki ce masa ya tsaya a bakin ƙofa, ina zuwa.

Ƙanenki,
Mamuda