Ƙwayoyin da Kika Ɓoye Mini Cikin Laya

Zuwa ga Inna, tare da gaisuwa da girmamawa irin ta ’ya ga mahaifiyarta. Allah Ya haskaka kabarinki.

Bayan haka, Inna, asirin da kika rufa mini tun ina budurwa ya tonu. Duk Zongo an san ’yarki tana da farfaɗiya.

Kin tuna dabararki? In kin sayo ƙwayoyin da likitan unguwar Gbégamey ya rubuta mini, sai ki jefa kwalin da takardar likitan a murhu, ki zuba ƙwayoyin cikin fatar laya mai ɗan baki. Kikan ce, “Ba wanda zai tambaye ki abin da ke cikin layarki.” Bayan rasuwarki ma haka na ci gaba da yi.

Gab da azumi na bi matan layinmu zuwa Lome sarin atamfa, karo na farko da na fita daga ƙasar nan. A kan iyaka, wani ɗan duwan, wato jami’in kwastan, cikin masu kiran kowa “kamarad” ɗin nan, ya hango layar a wuyana. Kin dai san gwamnatin juyin juya hali ba ta shiri da layu. Ya sa reza ya farke ta, ƙwayoyi suka watse a kan tebur, babu suna, babu takarda.

Ya tambaye ni maganin mene ne. Hajiya Asabe, maƙwabciyarmu, tana tsaye a bayana. Wallahi Inna, bakina ya ƙi faɗin gaskiya. Na ce na ciwon kai ne. Ya kwashe su kaf.

Ciwon bai jira na dawo gida ba. A tsakiyar kasuwar Lome ya kayar da ni. Na farfaɗo zanena jiƙe, mutane sun yi da’ira, Hajiya Asabe tana rufe ni da mayafinta. Kunyar da na ji, ko maƙiyi ba na yi masa fatanta.

Ba wadda ta yi mini gori, kada ki damu. Suna gaishe ni da kyau. Amma jiya a gidan suna, da aka zauna cin tuwo a kwano ɗaya, sai aka miƙo mini nawa a kwano daban. Na ci, Innata, kaina a ƙasa. Ke kam ba ki taɓa raba kwano da ni ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya rufa miki asiri a can, Ya ba ni ƙarfin fita kasuwa gobe.

’Yarki,
Ramatu