Wanda Kika Hana a Jefa Bokiti

Ya Kinanti, ƙanwata ta kaina, sanyin Kogin Brantas, koren shinkafa bayan ruwan sama, hasken Kediri kaf! Sallama gare ki daga Jatmiko, mai zolayar da kika ce ko rantsuwa ya yi sai an bincika.

Kin tuna ranar da muke tsince 'ya'yan kifin faɗa a bayan gidanku? Masu launi kwalba, koɗaɗɗu bokiti, a kai wa manyan kifaye su haɗiye. Kika tare ɗaya da tafin hannunki, fari fat kamar dafaffiyar shinkafa, kika ce irinsu a makare launinsu ke zuwa. Baba Sutris, mahaifinki, ya ce ɓarnar abinci ce. Ni kuwa na raɗa masa suna Mara Wando, na yi ta gaishe shi da jiki har kika watso mini ruwa.

Yau da hantsi na zare kwalin da ya raba kwalbar Mara Wando da ta maƙwabcinsa don su ga juna. Subhanallahi! Ya buɗe jela kamar laima. Shuɗin sararin asuba, jan garwashi, ɗigon tagulla kamar an yayyafa da alƙalami! Wa ya rina shi a cikin ruwa? Ina wannan ado ya ɓuya duk watannin nan? Ni da malaminmu na allo ya kasa rufe wa baki da tsumagiya, sai ga ni tsaye baki buɗe. Baba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

Me idonki yake gani, ya tauraruwata, da namu ba sa gani?

To ga shi ranar Lahadi za ki hau jirgin ƙasa zuwa masana'antar Surabaya, don da na ce ina son aurenki dariya kika yi, kika ce wani sabon wasan ne. Wayyo ni! Da wace fuska mai barkwanci zai faɗi gaskiya a yarda?

Ki zo ki ga kifin nan naki kafin Lahadi. Ya fara tara kumfa a saman ruwa, sheƙar ƙwai yake ginawa, ba macen da ta shigo tukuna. Ni ma na saya wa kawuna sabuwar hula, izininki kawai yake jira ya zo gaban Baba.

Ko kin tafi, ba zan zolayi wata ba har ƙasa ta rufe idona.

Naki,
Jatmiko