Kalmar da Kake Amsawa

Zuwa ga maigidana, Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya yalwata maka makwancinka. Mu dai muna nan yadda ka bar mu bara, sai gajiya. An yi wa Malam Sani canjin wurin aiki, yanzu ni kaɗai ce malamar Turanci a makarantarmu. Tafiyarsa ce dalilin wannan wasiƙa, don ta bar ni da shafin da nake gudu shekara goma sha tara, darasin kalmar "actually".

Ka tuna yadda ta zama sunanka. Kana malamin gona, kullum kana kan babur tsakanin Ajingi da Gafasa. Manomi ya gama watsa takinsa, sai ka sosa ƙeya ka ce, "Actually, Alhaji, binne shi ake yi." Ba su san ma'anarta ba, amma sun gane in ta fito to gyara na tafe. Kafin a cire gyaɗar shekarar ka zama Malam Akcuwali. A tsakiyar kasuwa ake ƙwala maka kira da shi, kai kuma ka waiwayo har da washe baki.

Ina amarya, wata rana ina bitar darasi da ƙarfi a tsakar gida, kalmar ta fito daga bakina. Inna, mahaifiyarka, ta ajiye faifan da ke hannunta ta ce, "Rabi, abin da mijinki yake amsawa sunansa ne, ko da na Nasara ne." Tun daga ranar ban sake furta ta ba. In ta zo a karatu, sai in rubuta a allo in nuna da alli. Darasinta kuwa Malam Sani nake roƙo ya shigar min, ni in duba masa takardun insha'i. Kai dariya kake min, kana cewa ai ba sunan yanka ba ne. Ba ka sani ba, har daɗin kunyar nake ji.

Ranar Lahadi na zauna shirya darasin. Littafin ya kawo misalan mutanen da ba su taɓa ganin gonar gyaɗa ba, ni kuwa duk misalin da na nema muryarka nake ji. An ce ana gyara wa mutum kuskure da ita cikin ladabi, wannan manoman Gafasa sun riga kowa sani. An ce ana canza shawara da ita, sai na tuna yadda za ka ce ka ƙoshi, ina kai hannu kan kwanon ka ce, "Actually, bar shi tukuna."

Na ƙarshen ne ya sa na rufe littafin. Wai da ita ake fito da gaskiyar da mai sauraro bai zata ba. A asibiti a Gaya, kwana biyu kafin ka tafi, ka kalli silin ka ce, "Actually, Malama, tun kakar bara nake jin ciwon nan." Shekara guda kana hawa babur da shi, in na tambaya ka ce gajiya ce kawai. Har yau ban gama jin haushinka ba, gara in gaya maka.

Na so in tsallake shafin, wa zai tuhume ni? Amma yaran mutane ne, jarrabawa na gabansu, kuma ba wanda zai faɗa musu su ji in ba ni ba.

Jiya na shiga ajin. Ina gama rubuta ta a allo suka kalli juna, don kowa a garin nan ya san zancen, iyayen wasunsu ma su suka raɗa maka sunan. Na ajiye allin. Sai na faɗe ta da bakina. Ban san lokacin da na juya na kalli ƙofa ba. Sai yaran suka maimaita bayana gaba ɗaya kamar yadda na saba musu, har sau uku, ajin kusa da mu ma ana jiyowa.

Karon farko ke nan da na kira ka da bakina, Baban Ummi, kuma ba ka amsa ba.

Gobe aji na biyu ne, jibi na uku. Zan shiga, in Allah Ya kai mu.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka abin da ka ɓoye min, Ya sanyaya zuciyata har ni ma in yafe. Allah Ya jiƙan Inna, na karya dokarta ba da son raina ba. Ya haɗa mu a inda ba a ciwo.

Matarka,
Maman Ummi