Da gangan na saya wa Baba mota mai kuloci

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana. Masu karatu ku yi mini a hankali, duk zagin da za ku yi na riga ku yi wa kaina.

A Tarauni muke. Mahaifina tsohon ma'aikacin gwamnati ne, tun tasowata ban taɓa ganin wani ya tuƙa shi ba. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, ya ji sauƙi amma ƙafar hagu ba ta koma daidai ba. Likita ya ce zai iya tuƙi in dai atomatik ce, tunda ba ta da kuloci. Yayyena suka haɗa hannu, suka ce ni da nake gida in zaɓo masa ƙaramar jif.

A wurin wani dillali a Gyaɗi-Gyaɗi na tarar da guda biyu iri ɗaya, ɗaya atomatik ɗaya manuwal, wato mai kuloci. Dillalin da bakinsa ya ce, "In ta dattijo ce, atomatik ɗin za ka ɗauka." Ni kuwa na gaji da hawan adaidaita, zuciyata ta raya mini, in Baba ya kasa, a hannun wa makulli zai zauna? Na ɗauko manuwal, na ce wa mutanen gida giyar atomatik ɗin ta lalace. Na san halin Baba sarai, ya sha kiran atomatik motar malalata. Dariya ya yi ya ce, "Ka kyauta, dama wannan ita ce mota."

Kullum in ya karya sai ya shiga ya tayar. Ya taka kuloci, ƙafar ta yi rawa ta zame, motar ta zabura ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Ina ɗaki ina ji, ban taɓa fitowa ba. Wane irin ɗa ne wannan? Wata safiya ya miƙo mini makullin ya ce, "Riƙe, ƙafar nan ta gama aiki." Daga ranar ya daina zuwa gashin ƙashi, yanzu ko masallacin layinmu sai an riƙe shi. Babbar yayarmu ta ce a canza motar, ya ce a'a, yaron nan ya duba, da akwai mai kyau da ya kawo.

Ƙarar mutuwar motar nan ba ta bar kunnena ba, har cikin sallah nake jin ta. In na ɗauke shi yana gefena, sai in ga hannunsa yana motsi a kan gwiwa, yana canza giya tare da ni.

Ranar Juma'a zai tara yayyena ya mallaka mini motar, wai ni ne na tsaya a kansa. In na faɗa, tsoro nake ciwon ya dawo masa. In na yi shiru, a gaban kowa zai dafa kaina ya sa mini albarka. Me zan yi?