Aljanin da Na Ajiye a Ofishin En'e

Litinin, 7 ga Afrilu

Jikana Mujahid ya shigo yana haki. Wai masu kula da kayan tarihi za su zo daga Kano watan gobe su duba tsohon ofishin En'e na bayan kasuwa. In sun same shi a tsaye, ya shiga cikin gine-ginen da ba a taɓawa. In ruwan farko ya riga su ya kayar da rufin, shi ke nan, a ture a yi shaguna.

Na ce, "Maigida, kai da ko tabarmarka ba ka naɗewa, kai za ka tsare tarihi?" Ya ce sakina zai yi. Kullum sai ya sake ni, kullum sai ya dawo cin tuwona.

A ofishin nan mijina, Malam, ya yi masinja har ƙarfinsa ya ƙare. Allah Ya ji ƙansa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na bi ta wajen. Daga nesa dai. Bangon gabas ya tsage, indararo ɗaya ya faɗo. Da Malam na nan, duk bazara sai ya tara mutane an yi masa yaɓe, har bayan an rufe ofishin. Tun da ya rasu ba wanda ya ɗora masa hannu.

Asabar, 12 ga Afrilu

Gayya ta watse! Suhaibu magini ya kawo ƙasa, samari sun kwaɓa, amma sai an shiga ciki a canza azarar da ta ruɓe. Ba wanda ya yarda. Ƙarti da gemunsu, wai akwai aljani mai jar dara a ciki yana buga tafireta.

Na yi dariya har ɗankwalina ya faɗi. Can kuma na daina dariyar. Ni fa na haifi aljanin nan don in tsorata su, lokacin suna yara suna hawa rufin don kamun tattabaru. Ni na sa masa dara, ni na ba shi tari. Ashe ya girma. Ƙawata Hajo ta ce har a Rogo an san shi, su can ma aure suka yi masa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Hadari ya haɗu a gabas, ya watse. Ban iya cin tuwo ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Na aika musu cewa aljanin ya tashi, an yi masa canjin wurin aiki zuwa bakin dam. Sai ga Suhaibu, ya durƙusa, ya gaishe ni har da tambayar awaki, sannan ya ce, "Iya, in dai ya tashi, ki shiga mu gani." Marar kunya. Na ce ƙafa ke damuna.

Ƙafata ƙalau take.

A da, ofishin nan nake kai wa Malam fura da rana. Yana zaune a benci bakin ɗakin akawu, sai ya yi kamar bai san ni ba don idon manyansa. "Baiwar Allah, ta sayarwa ce?" Ni kuma in ce ta fi ƙarfin masinja. Rabona da ƙofar nan tun yana raye. Ba na son in ga bencin babu...

Asabar, 19 ga Afrilu

Na shiga.

Mujahid ya riƙe mini hannu. Warin jemage, rana tana leƙowa ta ɓular rufi. Bencin na nan, gara ta cinye ƙafa ɗaya. A bango, daidai inda yake jingina ƙeya, wajen ya yi baƙi ya yi sulɓi. Na daɗe a tsaye.

Na juya na ce, "Ku shigo, ba kowa." Ja'irin jikan nan, yau ko tsokana ɗaya bai yi ba.

Kafin la'asar sun ɗora azara. Na ce wa Suhaibu kada yaɓensa ya taɓa wajen nan na bango. Bai tambayi dalili ba. Yaron yana da hankali, na janye marar kunyar.

Juma'a, 9 ga Mayu

Jiya ruwa kamar da bakin ƙwarya. Indararo sai ambaliya suke, ciki ko ɗigo. Alhamdulillahi.

Laraba, 14 ga Mayu

Mutanen Kano sun zo, sun auna, sun ɗau hotuna, sun ce ba mai taɓa shi. Har ni aka ɗauka, ban shirya ba, bakina a buɗe.

An yi wa bencin sabuwar ƙafa. Yanzu bayan azahar nakan ɗau carbina in je in ɗan zauna. Mujahid yana ta yaɗawa wai na tare a can, na bar shi gwauro.

Sharri ne. Ɗakina ne ya cika zafi.