Rasuwar Sarkin Rijiya Gado Jibo da Ƙarfen da Ya Bar Mana

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Masu Haƙa da Yasar Rijiya ta Arewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma malaminta, Sarkin Rijiya Malam Gado Jibo, wanda ya cika a ɗakinsa a Tibiri bayan zazzaɓi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mun ji ana faɗa a kasuwa cewa doguwa, aljanar rijiyar Sukukutane, ce ta kama shi, har samarinmu sun ƙi komawa aikin da ya bari. Ya 'yan'uwa, a kan shimfiɗarsa ya rasu, iyalinsa na kewaye da shi.

Tun lokacin da aka kawo famfo mai aiki da lantarki don janye ruwa kafin yasa, marigayi ne ke nutsewa ya cire yashin da ya toshe bakinsa. Shi ya ɗauko gawar abokinsa Yaro ranar da wani ya tayar da injin da ke ba famfon wuta bai san da mutum a ƙasa ba, alhali wayar ta fashe cikin ruwa. Daga ranar Sarkin Rijiya ya kafa doka: a kashe inji, a duba waya taƙi bayan taƙi, sannan mai nutso ya zare ƙarfen da ake murzawa a tayar da injin, ya ɗaure a ƙugunsa ya sauka da shi. Ana yi masa ba'a wai ya ƙara wa kansa nauyi, shi kuwa ya kan yi dariya ya ce, "Wanda ka son tada inji, shi sauko shi amsa." Daga Lugu zuwa Dogon Dutsi, babu wanda wuta ta sake taɓawa a ƙarƙashin kulawarsa.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa Malama Hasiya, da ɗiyansa Inusa da Ma'u, da dukan dangi. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba su haƙurin wannan babban rashi.

Rijiyar Sukukutane tana nan rabi a yashe, rani ya yi nisa, makiyaya kuma sun fara kora shanunsu zuwa nesa. Malama Hasiya ta aiko mana da ƙarfen, da igiyarsa yadda ya ƙulla ta. Ranar Asabar da hantsi muna bakin rijiyar. Samari, ku zo ku murza injin da hannu wofi ku ga ko zai tashi, sannan wanda ya gamsu ya ɗaura ƙarfen ya sauka. Ni zan fara.

Ja'afaru Ado
Malamin lekol (makarantar boko) kuma Magatakardan Ƙungiya
Dogon Dutsi, Afrilu 1957